Daga Cokalin Mangyaɗa Zuwa Allon Kwamfuta: Yadda Ake Lissafa Gudun Siririn Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai ƙosai a Domayo da sassafe ya ga abin da za mu lissafa a nan, ko da bai ba shi suna ba. In ta ɗaga matsami daga kasko, man ba ya zubewa gaba ɗaya. Sai ya bi jikin ƙarfen yana sulalewa, da sauri da fari, can kuma a hankali, har ya bar wata shimfiɗa mai sheƙi da ba ta son ƙarewa. Haka fenti ke yi a bango, haka hawaye ke rufe ƙwayar ido, haka madara ko ruwan rake ke gangarowa a jikin bututu mai zafi a masana'antun da ke ƙafe ruwa. Littattafan Faransanci da ɗalibanmu na Marwa da Ngaundare da Njamena ke karantawa suna kiransa film mince.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini kwamfutarsa tana huci kamar za ta kama da wuta. Kwana uku ke nan yana gudanar da wata babbar manhaja domin ya ga yadda mai ke gangarowa a kan faranti, sau biyu wuta na ɗaukewa yana sakewa daga farko. Na tambaye shi lambar Reynolds ta matsalarsa, wato lambar da ke gwada ƙarfin tunkuɗar gudu da ƙarfin danƙon ruwa. Ya ce, "Malam, ai manhajar ce za ta fitar." Na ce masa, "Ɗana, kashe ta ka ɗauko biro." Cikin minti goma muka gano cewa ikweshan guda ɗaya tal ta ishe shi, wadda tsohuwar kwamfuta ma za ta warware kafin shayi ya huce. Hanyar da muka bi ran nan ita ce zan shimfiɗa.

Kafin nan, a gyara wata kalma. A Hausa "kauri" na nufin abu biyu: kaurin katako da kaurin kunu. A wannan fanni kuwa su biyun duka suna cikin lissafi, kuma haɗa su babban ruɗani ne. Saboda haka zan kira tsayin shimfiɗar daga jikin faranti zuwa samanta zurfi, alamarsa h. Kaurin kunu kuma, wato yadda ruwa ke ƙin gudu, zan kira shi danƙo, alamarsa μ. Nauyin mita kubik ɗaya shi ne ρ, jan ƙasa g, karkatar faranti θ. Saura γ, ɗaurin fatar ruwa, ƙarfin nan da ke sa ɗigo ya dunƙule, ya kuma bar ƙwaro ya yi tafiya a saman tabki.

Mataki na farko: biro da takarda

Zaɓi ruwanka, ka rubuta lambobinsa. Mu ɗauki mangyaɗa a ɗaki mai ɗumi: ρ kusan kilo 910 a mita kubik, γ kusan 0.033 N/m, μ mu sa 0.05 Pa·s a matsayin lambar fara aiki (can gaba za mu auna ta da kanmu). Faranti a karkace digiri 30, zurfin shimfiɗa H rabin milimita.

A 1916 Bajamushe Wilhelm Nusselt ya fitar da matsakaicin gudun shimfiɗa mai zurfi bai ɗaya da ke gangarowa:

U = ρ g sinθ H² / (3μ)

Da lambobinmu, ρ g sinθ ya kama 4464, U kuma kusan milimita 7.4 a daƙiƙa. Daga nan sai lambar Reynolds, wadda ke gwada ƙarfin tunkuɗar gudu da ƙarfin danƙo: Re = ρ U H / μ. Ta fito 0.07. Ƙarama ce ƙwarai, wato danƙo ne sarki, ruwan ba ya da wani zafin gudu da zai ɗauke shi gaba in an daina tura shi.

Yanzu sake lissafin da ruwan famfo, zurfi ɗaya, karkata ɗaya. Danƙonsa 0.001 ne a digiri 20 na zafi. U ta haura santimita 40 a daƙiƙa, Re ta wuce 200. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Suna ganin ruwan sama a kan rufin kwano siriri ne, sai su ɗauka samfurin da zan kawo zai yi masa. Ba zai yi ba. Benjamin a 1957 da Yih a 1963 sun nuna cewa shimfiɗa na fara yin igiyoyi da zarar Re ta wuce (5/6) cotθ, wanda a digiri 30 ya kama 1.44. Mangyaɗarmu na can ƙasa da wannan iyaka. Ruwan famfo kuwa sai zurfinsa ya sauka zuwa wajen 0.1 na milimita, kamar silin gashi, kafin ya shiga ciki.

Lamba ta uku ita ce tsawon da ɗaurin fata ke aiki a kansa a goshin ruwan:

l = (γ H / (ρ g sinθ))^(1/3)

Ga mangyaɗa, l kusan milimita 1.55 ne, H/l kuma 0.32. Abin da samfurin zai zubar yana tafiya da ninkin wannan lamba a kanta, wato wajen 0.1. Ba cikakken adalci ba ne, amma ana iya zama da shi. In ka ga H/l ta doshi ɗaya, shimfiɗarka ba siririya ba ce, ka nemi wata hanya.

Mataki na biyu: matse Navier-Stokes har ta zama layi ɗaya

Navier-Stokes su ne manyan ikweshan ɗin da ke bayanin gudun ruwa. Dabarar matse su ta Osborne Reynolds ce, tun 1886, lokacin da yake bayanin yadda mai ke raba ƙarfe da ƙarfe a cikin inji. Tunda shimfiɗar ta fi tsawo nesa ba kusa ba a kan zurfinta, abubuwa uku na biyowa. Ruwan kusan duk a kwance yake tafiya tare da faranti. Tunkuɗar gudu ba ta da tasiri. Matsi kuma a kowane wuri ana samunsa ne daga nauyin ruwan da ke sama da kuma lanƙwasar fatar:

p = ρ g cosθ (h − y) − γ h_xx

inda x ke bin gangare, y ke tashi daga jikin faranti, h_x ke nufin saurin canjin h a kan x, h_xx canjin canjin, haka har gaba.

Sai sharuɗɗa biyu. A jikin faranti ruwa ba ya zamewa, gudunsa sifili ne. A sama kuma iska ba ta jan sa. In ka haɗa ikweshan ɗin gudu sau biyu a kan y da waɗannan sharuɗɗa, za ka sami gudu mai siffar rabin baka, sifili a ƙasa, mafi sauri a sama. Ka sake haɗawa daga 0 zuwa h, ka sami yawan ruwan da ke wuce kowane wuri a daƙiƙa:

q = (h³ / 3μ) (ρ g sinθ − ρ g cosθ h_x + γ h_xxx)

Ruwa ba ya ɓata ba ya ƙaruwa, don haka h_t + q_x = 0, inda h_t ke nufin saurin canjin h a kan lokaci t. Samfurin ke nan gaba ɗayansa.

Ka ɗan tsaya a kan h³ ɗin nan, domin shi ne ruhin al'amarin. In zurfi ya ninka biyu, kwarara ta ninka takwas. In ya ragu da rabi, ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Dalilin da ya sa man da ke jikin matsami ba ya ƙarewa ke nan: yana sirancewa yana rage gudu. Harold Jeffreys ya lissafa wannan tun 1930 ga faranti a tsaye, ya sami h = √(μ x / (ρ g t)). Gaɓoɓi ukun da ke cikin bakan ikweshan ɗin q kuma kowacce da aikinta. Ta farko na tura ruwa gangare. Ta biyu na baje tudu, kamar yadda ruwa ke neman daidaita a kwano. Ta uku na goge ƙananan ƙuraje a fata. In ka kife farantin ruwan ya koma ƙarƙashi, cosθ ta juya alama, gaɓa ta biyu ta daina bajewa ta koma tarawa, sai ɗigo ya fara zuba, kamar gumin da ke ɗiga daga murfin tukunya.

Mataki na uku: tuɓe wa ikweshan awo

Kada ka ba kwamfuta mita da daƙiƙa. Lambobi irin su 0.0005 a ninka sau uku a raba da wani ƙaramin abu sau huɗu, hanyar kuskure ce. Auna h da H, x da l, lokaci da l/U (a wajenmu daƙiƙa 0.21). Sai komai ya narke ya bar:

h_t + [ h³ (1 − D h_x + h_xxx) ]_x = 0, inda D = (H/l) cotθ

Ga misalinmu D = 0.56. Lambobi shida sun koma ɗaya. Duk ruwan da ya ba da D iri ɗaya, zuma ce ko man angurya ko man inji, hoto ɗaya zai fito, sai dai a sake ninkawa da awonsa a ƙarshe.

Mataki na huɗu: matsalar goshin ruwa

Ga wani abin mamaki. A daidai inda ruwa ya haɗu da busasshen faranti, h sifili ne, h³ ma sifili, kwarara ta tsaya. Samfurin na cewa goshin ba zai taɓa matsawa ba, alhali ido na ganin yana tafiya. Huh da Scriven sun nuna a 1971 cewa in aka dage kan sharaɗin rashin zamewa har zuwa wannan layi, ƙarfin da ake bukata don matsar da shi ba shi da iyaka. Ba laifin kwamfutarka ba ne, ilimin ne kansa ke da gibi a wannan ɗan wuri.

Mafita biyu aka fi bi. Ko a bar ruwa ya ɗan zame kusa da goshi, ko a ɗauka akwai wata shimfiɗar share-fage mai zurfi b da ta riga ta jiƙa farantin. Ni ta biyun nake ba mai farawa shawara, domin ba ta bukatar bin sawun goshin, ikweshan ɗaya ce ke aiki ko'ina. Fara da b = 0.1. Na san ya yi yawa in aka gwada da zahiri, amma akwai dalili: faɗin gidajen da za ka yanka farantin a mataki na biyar bai kamata ya wuce b ba, in ya wuce sai h ta faɗa ƙasa da sifili a gaban goshi, lissafi ya watse. In komai ya zauna, sai ka rage b zuwa 0.05, sannan 0.01, kana rage gidajen tare da shi.

Mataki na biyar: yanka faranti gida-gida

Ka ɗauki farantin kamar layin gidajen dara. Tsawo L = 100, gidaje N = 2000, kowane faɗinsa Δx = 0.05. A tsakiyar kowane gida ana ajiye h. Kwarara kuwa a bangon da ke tsakanin gida da gida ake lissafa ta, ba a tsakiya ba. Abin da ya fita daga gida i shi ne daidai abin da ya shiga gida i+1, don haka ko ɗigo ba zai ɓace ba, ko da sauran lissafin na da rauni. A bangon da ke tsakanin i da i+1:

h³ ≈ (h_i³ + h_(i+1)³) / 2
h_x ≈ (h_(i+1) − h_i) / Δx
h_xxx ≈ (h_(i+2) − 3h_(i+1) + 3h_i − h_(i−1)) / Δx³

Tunda kowane bango na duban gidaje huɗu, a kowane ƙarshe sai an ƙara gidajen aro guda biyu. Na sama a sa musu 1, wato ruwa na ci gaba da zuwa. Na ƙasa a sa musu b.

Mataki na shida: tafiyar lokaci, inda ake yin asarar kwanaki

Abin da zuciya ke fara kawowa shi ne hanyar kai-tsaye ta Euler: sabon h shi ne tsohon h a haɗa da Δt sau canji. Sauƙin rubutawa gare ta, amma gaɓar h_xxx da ke cikin wani canjin ta mai da ikweshan mai hawa huɗu, kuma sharaɗin zaman lafiyarta shi ne Δt kada ya wuce Δx⁴/8, a sake rabawa da h³ mafi girma. Da Δx = 0.05, wannan ƙasa da 0.0000008 ne. Kafin ka kai lokaci 50 sai ka yi taku sama da miliyan 60. In ka raba Δx biyu, takun ya ninka goma sha shida. In kuwa ka yi taurin kai ka ƙara Δt, cikin 'yan taku zanen zai zama haƙoran zarto, sannan allo ya cika da NaN, wato alamar "ba lamba ba" da kwamfuta ke nunawa in lissafi ya watse.

Maganin shi ne hanyar da ke lissafa kwarara da h na gaba, wanda ba a sani ba tukuna, a warware su duka tare. Euler ta baya ko Crank-Nicolson, a haɗa da dabarar Newton a kowane taku. Kada girman matiris ya tsorata ka. Kowane gida maƙwabta biyu kawai yake ji ta kowane gefe, don haka layuka biyar ne a tsakiya ke da lamba, sauran duk sifili. Python da SciPy kyauta ne, in ka sauke su sau ɗaya ba ka ƙara bukatar intanet, kuma sun riga sun san wannan aiki, ta hanyar da ake kira BDF, 'yar'uwar Euler ta baya:

import numpy as np
from scipy.integrate import solve_ivp
from scipy.sparse import diags

b, D, L, N = 0.1, 0.56, 100.0, 2000
dx = L/N
x = (np.arange(N) + 0.5)*dx

def canji(t, h):
    g = np.concatenate(([1, 1], h, [b, b]))
    h0, h1, h2, h3 = g[:-3], g[1:-2], g[2:-1], g[3:]
    m = 0.5*(h1**3 + h2**3)
    q = m*(1 - D*(h2 - h1)/dx + (h3 - 3*h2 + 3*h1 - h0)/dx**3)
    return -(q[1:] - q[:-1])/dx

fari = (1 + b)/2 - (1 - b)/2*np.tanh(x - 10)
tsari = diags([1.0]*5, [-2, -1, 0, 1, 2], shape=(N, N))
amsa = solve_ivp(canji, (0, 60), fari, method="BDF", jac_sparsity=tsari, t_eval=np.arange(0, 61, 5), rtol=1e-6, atol=1e-8)

Layin tsari kada ka manta da shi. Shi ne ke gaya wa manhajar inda lambobi suke a matiris. In babu shi za ta ɗauka kowane gida na magana da kowane gida, aikin da bai kai ya kawo ba ya zama na jira. Sannan wata 'yar tuntuɓe tamu ta waɗanda suka yi karatu da Faransanci: mun saba rubuta 0,5 da waƙafi. Python na ɗaukar wannan abu biyu ne daban. Ɗigo ake sawa. Wani lokaci ma ba za ta yi ƙorafi ba, amsa ce kawai za ta fito a karkace.

In ka zana sakamakon, za ka ga shimfiɗa a miƙe daga sama, sai dab da goshi ta kumbura ta yi tozo kamar na bijimi, sannan ta faɗi, ta ɗan nutse ƙasa da b kaɗan kafin ta daidaita. Tozon nan ba kuskure ba ne. Ɗaurin fata ne ke tara ruwa a bayan goshin da ke jan ƙafa. Rage b, tozo ya ƙara tsawo. Ƙara D, wato kwantar da faranti, tozo ya lafa har ya ɓace.

Mataki na bakwai: kada ka yarda da hoto don ya yi kyau

Nan ne na fi tsananta wa ɗalibai, domin kwamfuta ba ta jin kunyar zana ƙarya da launi mai kyau. Akwai gwaji huɗu, duk amsarsu sananniya ce tun kafin a kunna na'ura.

Na ɗaya, jimlar ruwa. Tara dukkan h sau Δx. Dole ta riƙa ƙaruwa da 1 − b³ a kowane awon lokaci, wato 0.999, abin da ke shiga a cire abin da ke fita.

Na biyu, gudun goshi. In tozon ya zauna a siffa ɗaya yana tafiya, gudunsa (1 − b³)/(1 − b) ne, wato 1 + b + b². Da b = 0.1 ya zama 1.11. Duba inda h ta ratsa 0.5 a lokaci 40 da lokaci 60, tazarar ta zama 22.2. In ka sami 20 ko 25, akwai alamar da ka juya.

Na ukun shi na fi so, domin yana taɓa kowace gaɓa. Cire goshin gaba ɗaya, ka sa gidajen aro duka su zama 1, ka fara da shimfiɗa mai zurfi 1 da 'yar igiya a kanta, 1 + 0.001 cos(kx), inda k ke nuna yawan igiyoyin a kan x. Lissafin hannu ya nuna igiyar za ta yi tafiya da gudu 3, tsayinta kuma ya riƙa raguwa kamar exp(−(D k² + k⁴) t). Da k = 1 da D = 0.56, lambar raguwar 1.56 ce. Ka auna a tsakiyar faranti, nesa da gefuna. In gudun ya yi daidai amma raguwar ta kauce, ka san laifin na gaɓa ta biyu ko ta uku ne. Canza k zuwa 2 zai nuna maka wacce, tunda ɗaya na ninka huɗu ɗaya na ninka goma sha shida.

Na huɗu, raba Δx biyu, ka sake rabawa, kana duban tsayin tozo. Bambancin da ke tsakanin amsoshi ya kamata ya ragu kusan sau huɗu a kowane rabi. In bai ragu ba, abin da kake gani ɗan gidajenka ne, ba ɗan ruwa ba.

Mataki na takwas: gilashi, sirinji da waya

Gani ya kori ji. Samo gilashi mai tsawon santimita 60 wajen masu tagogi, ka manna katako siriri biyu a tsaye da tazarar santimita 10 tsakaninsu, ruwa ya bi ta ciki. Ɗaga kai ɗaya sama da santimita 30. Rabin tsawo ke nan, kuma sin 30° rabi ne, ka sami karkatarka ba tare da ma'aunin kusurwa ba. Ajiye rula a gefe. Da sirinji zuba mililita 10 na mangyaɗa a can sama a bayan wani ɗan kwali, kunna bidiyon waya, ka ɗage kwalin.

Herbert Huppert na Jami'ar Kambirij ya nuna a 1982 cewa ruwa mai ƙayyadadden yawa da aka saki a gangare goshinsa na kaiwa:

x³ = 9 A² ρ g sinθ t / (4μ)

inda A shi ne yawan ruwa a raba da faɗi, a nan 0.0001 m². Da μ = 0.05, lissafi ya ba da santimita 27 a daƙiƙa 10, da santimita 54 a daƙiƙa 80. Lokaci ya ninka takwas, tafiya ta ninka biyu kacal. Zurfi a goshi shi ne 3A/(2x), kusan 0.55 na milimita a daƙiƙa 10, wato dab da H ɗin da muka zaɓa tun farko. Daga bidiyon ka ciro x a lokuta goma, ka zana x³ a kan t. In layi ya miƙe, samfurin ya kama, kuma daga karkatar layin za ka ciro danƙon manka na gaskiya, ka mayar da shi mataki na farko. Don kwaikwayon wannan a kwamfuta, sa q[0] = 0 a rufe ƙofar sama, ka fara da tulin ruwa maimakon tanh. Bayan tulin ya baje, jikinsa zai bi h = √(x/3t).

Rubuta zafin ɗaki a kowane gwaji. Wannan ba ƙa'idar cika takarda ba ce a ƙasarmu. Danƙon man girki na faɗuwa kusan rabi tsakanin digiri 20 da 40, na ruwa kuma daga 0.001 zuwa 0.00065. Gwajin da aka yi da asubar hunturu a Ngaundare da wanda aka yi da azahar ɗin Afrilu a Garwa ko Kuseri ba za su taɓa haɗuwa ba, ko da kwalbar mai ɗaya ce. Lambar da ka kwafo daga littafin Turai galibi ta digiri 20 ce. Ƙurar hunturu ma na ɓata gilashi cikin minti kaɗan, a wanke da sabulu a bushe kafin kowane zubi.

Abu ɗaya zai ba ka mamaki. A busasshen gilashi goshin ba zai daɗe a miƙe ba, zai tsage ya zama yatsu masu gangarowa, irin na fenti da aka cika wa buroshi. Huppert ya ga wannan a gwajinsa. Tozon nan ne sanadi: inda ya ɗan fi zurfi ya fi gudu, inda ya fi gudu ya ƙara jan ruwa daga gefe. Ga faranti mai tsananin karkata, lissafi na ba da tazarar yatsu kusan sau 14 na l, a wajenmu santimita biyu da ɗoriya. In kana son goshi ya daɗe a miƙe don aunawa, shafa mai a gilashin ka goge shi sosai tukuna, ka yi wa kanka share-fage na gaske. In kuwa yatsun kake son kwaikwaya, sai an ƙara fuska ta biyu, h(x, z, t), inda z ke ratsa faɗin faranti, gaɓar ɗaurin fata ta zama h³∇∇²h. Gidaje sun tashi daga dubu biyu zuwa dubu ɗaruruwa, kuma a nan ake amfani da dabarar warware layukan x da na z bi da bi. Ya isa kundin kammala karatu guda, amma kada a taɓa shi sai gwaji huɗun can sun wuce a fuska ɗaya.

Inda samfurin ya tsaya

Mu koma ga ruwan rufin kwano. Igiyoyin da ke kansa su ne Pyotr Kapitza da ɗansa Sergei suka yi nazari a Rasha a ƙarshen shekarun 1940, kuma tunkuɗar gudu ce ke haifar da su, abin da muka zubar a mataki na biyu. Duk daɗewar da ka yi kana gudanar da shirin can, ba zai fitar da igiya ko ɗaya ba. Benney ya mayar da ɗan wannan ƙarfi cikin ikweshan ɗaya a 1966, amma tasa na fashewa in Re ta ɗan yi nisa da iyaka. Shkadov a 1967 ya raba aikin biyu, h da q kowanne da ikweshan ɗinsa, sai dai a faranti mai karkata ba ya ba da iyakar 5/6 daidai. Ruyer-Quil da Manneville a Faransa suka gyara wannan a 2000, kuma nasu nake cewa a nema in Re na cikin gomomi. In ta kai ɗaruruwa, ko ruwa na fantsama yana yin kumfa, to lokacin manyan manhajoji irin su OpenFOAM ko Basilisk ya yi, tare da batir mai kyau da al'adar ajiye sakamako a faifai kowane 'yan mintuna.

Fenti, kunu, koko da labun kilishi kuma wata duniya ce. Danƙonsu ba lamba ɗaya ba ce, yana sauka in an motsa su, wasu ma ba sa motsi sam sai turi ya wuce wani ƙarfi. A nan sai a koma mataki na biyu a sake haɗa gudun da dokar danƙon da ta dace, h³ ta canza zuwa wani abu. In akwai bambancin zafi a saman shimfiɗar, γ na canzawa daga wuri zuwa wuri, fata ta ja ruwa daga ɗumi zuwa sanyi. Wannan na ƙara gaɓar (h²/2μ) γ_x a cikin q. In ruwan na ƙafewa, sifilin da ke hannun dama na h_t + q_x ya zama abin da ke tashi a daƙiƙa, da alamar ragi. A shirin Python, kowanne cikin biyun nan ƙarin layi ɗaya ne a cikin canji, gidajen da tsari da BDF duk suna nan yadda suke, sai dai gwajin jimlar ruwa ne za a sake wa lissafi in an sa ƙafewa.